Dattijon da Rana Ke Zuwa Gaishe Shi

Ka ce ɗan'uwanka ya ɗauke ƙafa, kai kuma ba za ka je ba don kai ne babba? To, gyara zama ka ji.

An yi wani dattijo a wani gari na bakin kogi, wanda duk yankin ba mai sanin sama kamarsa. A katangar da ke gabas da zaurensa ya kafa turaku, kowane turke da inda rana ke ɓullowa a wani lokaci na shekara. In ta karkata arewa ya san damina ta ƙarato, in ta koma kudu ya ce a nemi bargo. Manoma ba sa zuba iri sai sun ji ta bakinsa. Wannan ya sa masa wani irin ji da kai, har yakan ce duk abin da ya tafi zai dawo ya iske wanda ya zauna, tunda ga rana ma, duk girmanta, kullum sai ta zo ƙofarsa. Yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda sana'ar jima ta kai shi wani gari can ƙetaren kogi. Da fari ƙanen yana zuwa duk sallah, daga baya sai ƙafa ta ɗauke, sai dai saƙo a bakin fatake cewa Yaya ya zo ya gan shi. Dattijo ya ce wannan raini ne, yaushe aka fara babba ya bi ƙarami? Amma fa kewa tana cinsa. Kullum da hantsi, in ya gama duba turakunsa, idonsa sai ya zarce hanyar mashigi, ya yi ta kallon masu sauka daga jirgi har na ƙarshe ya wuce. In an dama fura da nono mai tsami irin wadda ƙanen ke so, sai ya kasa sha.

Wata shekara wani malami matafiyi ya sauka a zaurensa, ya ga turakun, ya yaba. Cikin hira ya ba shi labarin masanan zamanin da, waɗanda su ma suka ɗauka ƙasa ce zaune a tsakiya, rana da wata da taurari na kewaya ta. Sai dai akwai wasu taurari masu yawo da kan yi gaba, su tsaya, su ɗan ja da baya, lissafi ya ƙi fita. Aka yi ta yi masa faci kamar tsohuwar riga, har aka sami wanda ya ce a gwada zaunar da rana a tsakiya, a bar ƙasa ta yi tafiyar. Nan take tafiyar taurarin ta miƙe. Dattijo ya yi dariya, ya ce shi dai bai taɓa jin zaurensa ya motsa ba. Baƙon ya ce na cikin jirgi ma gani yake gaɓa ce ke gudu. Ya yi sallama ya wuce, amma maganar ta ƙi wucewa. Dattijo ya dubi turakun nan nasa, ya ce ashe duk shekarun nan ba rana ce ke zuwa gaishe shi ba, shi ake ɗauka ana kai mata. Bai jira wata sallah ba, ya ɗauki sandarsa ya shiga jirgi, yana kallon garinsa na ja da baya.

Ya iske ƙanen a ƙofar gida kan buzu, ya yi furfura, fuskarsa na duban hanyar mashigi. Ƙafafunsa sun shanye tun shekarar da ya daina zuwa, ya kuma hana fatake faɗa don kada hankalin yayansa ya tashi. Ya yunƙura zai miƙe don girmamawa, ya kasa. Ya kama hannun dattijon ya ce, “Yaya, kullum nan nake zama. Ni ne ba na iya tashi.” Dattijon nan ya durƙusa gaban ƙanensa yana kuka, yana tuna sallolin da suka wuce kowa na kallon kogi ta gefensa.

Kai da ƙafarka ke da lafiya, tashi ka je. Hausawa sun riga sun faɗa: zumunta a ƙafa take.