Allin Kaɗin Inna

Da la'asar ne, a gidanmu na Doguwa. Inna tana kaɗin auduga a gindin rumbu, ƙanwata Talatu tana kwance a cinyarta. Tun bara wasu ƙulalai masu tauri suka fito wa yarinyar a gwiwar hannu, kamar an cusa tsakuwa ƙarƙashin fata. Wanzami ya tsaga, suka dawo.

A ranar sai ɗaya ya fashe. Ba mugunya ce ta fito ba, wani farin gari ne. Inna ta lakato, ta murza, ta ɗora a harshe. Sannan ta dangwali allin kaɗinta na ƙonannen ƙashi, shi ma ta ɗanɗana.

Ta ce, "Ɗaya ne. Ina ɗauke da cikinta na yi ta lasar allin nan. Ni na zuba mata."

Na ce, "Inna, ba ke ba ce."

"Yi mini shiru, me ka sani?"

Talatu ba ta kai girbin dawa ba. Inna ta soke mazarinta a jinka, ba ta ƙara kaɗi ba.

Da na girma wani likita ya ce mini jiki ne ke tara abin da kansa, babu ruwan alli. Wa zan kai wa labarin? Inna ta tafi da nata.