Rigar Mai Korar Tsuntsu

Kaka ta jefi kurciyar da takalmi. Takalmin ya faɗa cikin tumatir, kurciyar ta koma kan katanga tana kallonta.

"'Yar banza! Gadon ubanki ne?"

Lambun a bayan gida yake, bai fi faɗin ɗaki biyu ba, amma daga cikinsa gidan ke cin ganye da tumatir tun kafin a haifi ɗanta. Ita ke zuba iri, ita ke ɗauko taki a ka, ita ke ban ruwa. Aikin mijinta ɗaya ne tak, korar tsuntsu. Da safe zai saka tsohuwar rigarsa mai manyan aljihu, ya bi ta ɗakin ajiya, ya fita ta ƙofar baya, ya zaga bayan katanga. Ko sanda ba ya riƙewa. Amma har Allah ya karɓi abinsa, tsuntsu bai taɓa sa baki a shukarta ba.

Ba a daɗe da binne shi ba tsuntsaye suka sauko. In ta zuba iri da safe, kafin rana ta take an tone shi. Tumatir bai gama nuna ba an huda masa ciki.

Ta ɗaura gwangwanaye a igiya, suka mayar da igiyar wurin lilo. Ta yanka gidan sauronta ta lulluɓe alayyafo, suka shiga ta ƙasa, ita kuma sauro ya samu nama. Ta sa surukarta gadi, ta dawo ta tarar da ita tana danna waya, gwara na cin latas a gefen ƙafarta.

"Ke da babu duk ɗaya! Tsoho mai ciwon gwiwa ma ya fi ki amfani."

Ɗanta direba ne, ya daɗe da sa wa filin ido.

"Iya, wahalar nan ta isa haka. In wannan dashen ma ya tafi, siminti zan zuba, in samu wurin ajiye mota."

"To, sai ka riƙa cin simintin da miya."

Ya shiga motarsa ya tafi. Amma da yamma ta ga magini ya leƙo yana auna wurin da ido, sai da ta bi shi da tsintsiya har bakin titi.

Ta zauna ta yi tunani irin na mai hankali. Tsuntsayen nan ba sa tsoron ƙara, ba sa tsoron jifa. Mutum ɗaya suka sani. Ta shiga ɗakin mijinta. Rigar na nan a ƙusa inda ya rataye ta, ba wanda ya taɓa, ko wanki ba ta gani ba. Ta gicciye itace biyu, ta saka musu rigar, ta kafa a tsakiyar lambu.

"Ga ubanku ya dawo. Mai ƙarfin hali ya sauko."

Da gari ya waye, hayaniya ce ta fito da ita. Tunda take ba ta taɓa ganin tsuntsu haka ba, kamar an yi musu shela. Wasu a kafaɗar rigar, wasu a ƙirji, suna ture juna, suna yagar ta da baki. Waɗanda ba su samu wuri ba suka bazu cikin dashen, suka tattake, suka cinye. Ɗanta na tsaye a bayanta da makullin mota a hannu, yana kallon filin.

Kaka ta kutsa cikinsu. Ba tsuntsun take zagi ba yanzu.

"Har da kai? Ka tafi ka bar ni, rigarka ma ta ci amanata?"

Ta damƙi rigar ta fizga da ƙarfin tsiya. Aljihun ya yage, hatsi ya zubo mata a kan ƙafa, tsuntsayen suka sauko suna tsinta, ko ɗaya bai gudu ba.

Shekara da shekaru tana cika baki da mijin da tsuntsu ke tsoro, ashe bai taɓa korar ko ɗaya ba: hatsinta yake cika aljihu da shi kowace safiya, ya kai musu bayan katanga, su ƙoshi su bar mata lambunta.