Kukan Kacar Keken Mujtaba

Wata biyu ke nan Mujtaba yana fama da kacar keken nan. Duk 'yan zagaye kaɗan na feda sai ta ce ƙyas, a hankali, kamar mai busasshen maƙogwaro yana ƙoƙarin haɗiyar yawu.

Da keken ya iso wannan ƙauye na kusa da Abu Hujar, a watan da yaƙi ya tarwatsa mutanen birnin Wad Madani. Bai san kowa a nan ba. Hasali ma birnin Damazin ya nufa, amma da ya zo wata mararraba sai kan keken ya karkata wajen kogi, shi kuma gajiya ta hana shi gardama. Mutanen garin Hausawa ne 'yan uwansa, ba su tsananta tambaya ba. Suka ba shi ɗaki, suka sama masa aikin ban ruwa a wani lambun albasa.

Kowa ya ce ya yi sa'a. Shi kaɗai ya san tafiyar rabin sa'a daga gida zuwa lambu ta fi masa yinin aiki wuya. Da kacar ta fara kukanta sai ya ji bayan keken ya yi nauyi, ya waiwaya ya ga babu kowa a kan kariyar ɗaukar kaya. Ya sauke sirdin da ya yi masa tsawo, ya ɗaure kowane noti, ya zuba baƙin mai har ya riƙa ɗiga. Ƙarar tana nan. Abinci ya daina shiga, ya rame, tsoro kuwa ya zame masa abokin tafiya. Yar da keken ba zai yiwu ba, domin in babu keke babu aiki. Ya san in bai kashe ƙarar nan ba, ita za ta taɓa masa hankali.

Mai gyaran keke ɗaya ne a garin, Malam Jibirin, wani dattijo mai yana a ido ɗaya, da ke zama a inuwar darbejiya bayan masallaci. Mutum ne marar yawan magana. Kullum Mujtaba ya wuce sai ya ga tsohon ya ajiye abin da ke hannunsa ya bi shi da kallo, amma tsofaffi dama ba sa rabuwa da kallon baƙo.

Ranar da ya kai masa keken, Malam Jibirin ko taɓa shi bai yi ba. Kacar ta yi kauri da daskararren giris da baƙar lakar yankin Jazira inda ya baro, har ba a gane gaɓa daga gaɓa.

"Fara da ruwan zafi da sabulu, ɗiyana," in ji shi. "Su ba su cin komi."

Mujtaba ya wanke har yatsunsa suka yi fari. Laka ta fita, giris ya zauna daram, washegari kuma tsatsa ta fara leƙowa. Ya koma ransa a ɓace.

"To sai jaz," tsohon ya ce, ya miƙo masa kananzir a kwalba. "Jiƙa ta, ka bi ta da tsohon buroshi. Kada ka yi sauri."

Kananzir ya yi aikinsa. Haƙoran farantin da kacar ke hawa suka fito, kaca ta yi laushi, sai dai can cikin gaɓoɓin akwai baƙin da ya ƙi tashi. Ƙarar kuwa, da datti ya ragu, sai ma ta ƙara fitowa sarai. A hanyar lambu ranar, Mujtaba ya sauka ya tura keken da ƙafa, yana kuka kamar yaro.

Kwana uku yana roƙon tsohon ya ba shi abin da ya fi ƙarfi. Kwana uku Malam Jibirin yana cewa gobe. Mujtaba ya fara jin haushinsa. Wane irin mai gyara ne wannan, da ake jan sa kamar ana jan saniya zuwa mahauta?

Ran Alhamis da hantsi tsohon ya fito da ɗan fetur a gwangwani, abin da a lokacin ya fi zuma wuyar samu.

"Banzin ba shi barin komi," ya ce. "Shina kwashe mai, shina kwashe datti, ya bar ƙarfe tsirara. In ka shirya, ni ma na shirya."

Mujtaba ya kwance kacar da kansa ya tsoma ta. Fetur ya yi baƙi nan take. Da ya ɗago ta sai ga ta tana walƙiya, kowace gaɓa a fili. Wani sanyi ya sauka a ransa, irin wanda rabonsa da shi tun Madani.

A lokacin ne Malam Jibirin ya miƙo hannu, karo na farko. Ya riƙa bin kacar da babban yatsa, gaɓa bayan gaɓa, yana matso da ita kusa da lafiyayyen idonsa, har ya tsaya a kan wata guda. Maimakon fil ɗin kamfani, guntun ƙusa ne a ciki, an daddake kansa da guduma.

"Ni na buga ƙusar ga," ya ce a hankali, "da safen da Ziyad ɗana ya tafi Madani ɗauko ƙanwatai. Tun ran da ka shigo garin ga ni ka jin kukanta, ina gudun in gani. Ina ka bar min shi?"

Mujtaba ya kalli guntun ƙusar. Abin da yake gani kawai shi ne mai keken, wani dogon saurayi kwance da rauni a gindin bishiyar ƙaya a hanyar Sinnar, wanda ya miƙa masa keken da hannunsa don ya ɗebo masa ruwa ya dawo. Shi kuwa bai koma ba.