Tsibirin da Ya Karya Daular Rakan

Sultan Rakan ya kurɓi abin da ke cikin kofin, ya yi jifa da shi. Ba wanda ya razana. Wani bafade ya sunkuya ya goge wurin, aka ci gaba da hira kamar ba mai mulki ne ya yi fushi ba. Nan ya gane lamarin ya lalace.

Daularsa tana can saman unguwar Shisha, tsakanin duwatsun Makka. Kada ka wahalar da kanka wajen neman ta a taswira. Ƙasa ce mai albarka. A waje rana na gasa mutane, ita kuwa iska mai sanyi ke fito mata daga bango. Tun da Rakan ya hau mulki bai taɓa neman abu sau biyu ba. In ya nuna da yatsa an kawo. In ya ɗaga murya fada duk ta miƙe tsaye.

Arzikin ƙasar gaba ɗaya maɓuɓɓuga biyu ne, suna hannun Ma'ajiya Tahani, wadda kuma ita ke riƙe da karagar mulki mai laushin nan. Su ne abinci, su ne magani, kuma ba a taɓa jin sun ƙafe ba.

Sai rannan tsohuwar Waziriya Saudatu ta dawo daga kasuwar unguwarsu Mansur da wani baƙin ƙulli a bakin mayafinta. Washegari maɓuɓɓugan suka yi ɗaci, ɗacin da ke sa mutum ya tsani harshensa. Sultan ya yi faɗa, ya yi birgimar takaici, ya ƙaurace wa abinci. Aka koma lallaɓa shi da kunu da madarar gwangwani, abincin talakawa.

Masifa ba ta tsaya nan ba. Wani tudu ya fara tasowa a tsakiyar karaga, kullum ƙara girma yake, har wurin zama ya gagara. Wani lokacin ma ƙasa takan motsa a cikinsa. Sannan wata safiya Ma'ajiya ta ɓace, ita da karagar.

Da ta dawo, aka ce an gano tsibiri.

Yana can bayan ƙofar da aka daina bari a buɗe, kewaye da shingen katako. Mutanen cikinsa jajaye ne, ba haƙori, ba sana'a, ba su jin Larabci balle Hausa. Amma ka ga ikon Allah, duk dukiyar ƙasa can ta karkata. Ministan kayan masarufi, Abdulilah, da yake shigowa da yamma da jakunkuna ya zube su gaban Sultan, yanzu wucewa yake kai tsaye. Jakadu suna ta zuwa daga Mansur da turamen zani da 'yan kunne na zinariya, su shafa kan Rakan a tsaitsaye su ce masha Allah, su shige. Ko alawa ɗaya ba ta faɗo a baitulmali ba.

Fadawa kuma suka tsiri wata ɗabi'a. In suna so ya ji, Larabci suke yi. In suka juya Hausa suna satar kallonsa, to makirci ne. Duk da haka ya tsinci sunansa, ya tsinci Mansur, ya kuma ga an cusa kayansa a jaka an ajiye bakin ƙofa. Gudun hijira ke nan za a tura shi, gidan Waziriya.

Ita da kanta ta tabbatar masa, tana washe baki. "Maigidana, halas, zance ya ƙare, gobe ka tare a wurina. Nan kam an yi maka juyin mulki."

Bayan azahar fada ta yi tsit, kowa ya miƙe ƙafa. An manta ƙofar a buɗe. Sultan ya leƙa, ya ga abin da bai taɓa zato ba: maɓuɓɓugansa na gudana. Ba ɗaci, ba komai. Mutanen tsibiri sun sha har sun bingire, ga shaida nan a gefen bakinsu. Ma'ajiya na zaune gefe, gyangyaɗi ya kwashe ta.

Ya yi tunanin yaƙi, amma ba shi da runduna, kuma duk lokacin da ya ɗaga takalmi sai a riƙe hannunsa. Saura ciniki. Ya koma baitulmali, wato ƙarƙashin matashin kujera, ya zaro abin da ya rage wa daular duka: dabino guda, an ɗan gatsi gefensa. Ya daɗe yana ɓoyonsa don baƙar rana.

Ya ƙetare farin tekun nan na tayil mai santsi da ya sha kayar da shi, ya kama shingen, ya yi ɗage. Sharaɗinsa mai sauƙi ne. Su karɓi dabino, su sakar masa maɓuɓɓuga ɗaya, ɗaya tak, a kuma kwance jakar nan. Ya zura hannu ya cusa wa na kusa a baki. Mutumin tsibiri ya damƙe masa yatsa gam. Sultan ya ɗauka an ƙulla yarjejeniya.

Salati ya ji a bayansa. Waziriya ta yi tsalle irin wanda gwiwoyinta suka manta, ta zaro dabinon da ɗan yatsa, ta sure Sultan sama ƙafafunsa na reto. Ya saki duk muryar da Allah ya ba shi. Ya jira a nufi ƙofa da shi.

Sai ya ji an dire shi a wuri mai laushi da ɗumi. Karagarsa ce. Tudun nan babu shi, ga fili har ya yi masa yawa. Ya ƙanƙame ta da hannu biyu yana sheshsheƙa, Waziriya kuwa ta sa ƙafa ta ture jakar gefe.

"Riƙe ɗanki a cinya, Tahani, ba inda za shi. Yaro ko shekara biyu bai cika ba kun yaye shi kun haifo masa tagwaye, ga shi ya kusa shaƙe miki jariri da dabino, kuma famfas ɗinsa ma ya cika."