Makullin Gida

Ranar da za ta tafi Legas a rantsar da ita a majalisar tarayya, ta jawo akwatin gudun hijira da ke bayan ƙofa, ta ɓalle murfinsa.

"Baba, yau kayan nan za su fito. Shekara tara da dawowarmu Inugu bayan yaƙin basasa, kullum kayanmu a ɗaure kamar masu jiran mota. Mutanen garin nan fa suka zaɓe ni."

Tsohon bai ɗago daga carbinsa ba. "Wasu suka zaɓe ki, uwata. Sauran ma yanzu sun san ƙofarmu."

Ta yi dariya, ta zazzage barguna. Ita da ta tsere a motar shanu, ta dawo ta gama jami'a, wa ya isa ya sake korar ta?

Sai ga maƙwabciyarsu, tsohuwa 'yar Ibo, wadda ta riƙe musu makullin gidan har yaƙi ya ƙare. Ta rungume 'yar, ta taka rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Sannan ta leƙa titi, inda wasu samari ke tsaye tun safe suna kallon gidan, ba gaisuwa.

Ta miƙa wa tsohon tafin hannu, ta ce da Hausarta ta kasuwar Ogbete, "Alhaji, kawo makulli. In ajiye kamar wancan karo."

Hannunsa ya nufi aljihu. 'Yar ta riga shi zaro makullin. Ta rataya makullin a wuyanta, ta zauna a kan akwatin da ta zazzage.

A waje, motar Legas na ta hon.