Ɗakin Da Ba Shi Da Lamba

Tun safe take zagaye tsakar gidan otal ɗin, ta kasa zama. Nan ne gidan kakarta kafin a sayar. Yanzu an rufe rijiyar da gilashi, baƙi na leƙawa suna ɗaukar hoto.

Mai zanen ginin, wanda ya mai da gidan haka, ya iso yana share zufa.

"Kin tashi lafiya?"

"A ɗakin girkinmu aka sauke ni, wai da kati ake buɗe shi. Wace lafiya?" Ta kau da kai. "Yaya ya ce kada ka turo kowa neman aurena. Ba zai ba da ni ga wanda ya rushe mana gida ba."

"Ke fa, me kika ce?"

Ta shiga murɗa bakin mayafinta.

Ya yi gaba, ta bi shi ba da son ranta ba, har ƙarshen baranda. Wata tsohuwar ƙofar katako ce, ba lamba, ba fenti. Ya ba ta makullin ƙarfe.

"Mai otal ya so a fasa nan. Na ce sai dai ya nemi wani."

Ta buɗe. Gadon kakarta na nan, har da ƙusar da take rataye carbi.

Ya miƙo hannu zai karɓi makullin, ta damƙe shi a tafinta.

"Bari," ta ce. "Zan kai wa Yaya. Ya zo ya maimaita maganarsa a nan."