Farantin Jatan Lande

Kujera biyar aka jera a bakin teku, alhali mutum shida suka sauko daga jirgin ruwan. Ma'aikacin gidan abincin bai yi kuskure ba. Ta shidan Uwani ce, ita kuwa 'yar aiki ba a tunawa da ita sai an zo ɗaukar kaya.

Ta tsaya a bayan kujerar uwar ɗakinta, rungume da jakunkuna. Tsibiri ne mai tafiyar awa guda daga Jidda, irin wurin da ake share yashi kowace safiya kamar tsakar gida. Hutun kwana uku iyalin suka zo: maigida, ƙannensa Rana da Ghada, matarsa da Uwani ke ce wa madam, sai uwarsu Sitti Hind, wadda ko tari ta yi sai gidan ya nutsu.

Shekara talatin da huɗu Uwani ta yi a unguwar Karantina ta Jidda tana tuyar ƙosai, tun da ta zo umra ta ƙi komawa. Ranar da aka rushe unguwar ta tashi ba ɗaki, ba takardar zama ta iƙama, ba wanda zai gane ta a garinsu. Madam ce ta aiko direba ya ɗauko ta, aka ba ta lungu kusa da injin wanki, da sharaɗi guda: ta yi aiki, ta kama bakinta. Ta kama kuwa, shekara biyu cur.

Sitti Hind tana son surukarta, musamman da aka ce mata marainiya ce da dangin ubanta 'yan Yaman suka raina a unguwar Ammariyya. Mace mara uwa ta fi daɗin juyawa. Sai dai tsohuwar akwai ido. Ɗazu a jirgi ta dubi hannun Uwani, ta dubi na madam, ta ce cikin dariya, "Subhanallah, yatsunku iri ɗaya!" Madam ba ta dara ba. Wa zai so a haɗa shi da 'yar aiki?

La'asar ta yi, aka fara kawo abinci. Gasasshen kifi, shinkafa mai albasa, lemo a kofunan da suka fi shi tsada. Madam da kanta ta zaɓi nata, ta nuna wa ma'aikacin da yatsa a takarda ba tare da ta yi magana ba.

Farantin na sauka hancin Uwani ya gaya mata. An niƙa abin cikin miya, amma wadda ta tsufa a bakin murhu ba a ɓoye mata wari. Madam ta ɗebo cokali guda, ta nufi baki da shi sannu a hankali.

Uwani ta saki jakunkuna ta fizge farantin. Gwiwar hannunta ta bugi kofi, lemo ya malale a farar abayar Sitti Hind.

"Jatan lande ne, ya madam! Zai toshe miki maƙogwaro!"

Maigida ya ce shi ma bai taɓa sanin matarsa ba ta cin jatan lande ba, amma babu wanda ya saurare shi. Sitti Hind tana goge abaya, idonta na tafasa.

Madam ta ajiye cokali, ta dubi Sitti Hind, ta yi magana a sanyaye. "Ya Khala, wannan ba yau ta fara raina mu ba. Kin lura tunda ta zo gidana ba ta taɓa kiran sunana ba? Sauran masu aiki duk suna faɗa, ita ce ta fi ƙarfi." Ta juyo wajen Uwani. "Ki ce, Sitti Sajida, ki yafe mini. In kin faɗa, halas, ya wuce. In kin ƙi, gobe direba ya miƙa ki ofishin tarhil, su mayar da ke inda kika fito."

Sitti Hind ta gyaɗa kai. A ganinta an ma yi sassauci.

Uwani ta durƙusa a yashi, gwiwoyinta na ƙara. "Madam, ki yafe mini, don girman Allah."

"Sunana na ce."

Rana da Ghada sun riga sun ɗaga wayoyi, ga abin dariya ya zo kyauta. Mutanen tebur na kusa sun daina tauna. Maigida ya kalli teku ya ce, "Yalla, ya hajja, faɗi mana mu ci abinci."

Uwani ta buɗe baki. Ta tuna lungun nan na kusa da injin wanki, ta tuna motar tarhil mai raga a taga. Tsoro ya kama ta. Harshe ya tashi, ya koma ya kwanta. Ta sunkuyar da kai.

"Kun gani ko?" in ji madam. "Girman kai rawanin tsiya."

Aka ce Uwani ta bi jirgin da ke kwashe shara kafin magariba. Ta miƙe da ƙyar, ta karkaɗe zane. Da ta zo wuce ma'aikacin sai ta rage murya ta ce masa ya canja cokalin ma, domin ya taɓa miyar.

Sai da tsibirin ya zama ɗigo a bayan buhunan shara sannan ta tuna yatsan da ya nuna abincin a takarda. Nan ne kukan ya zo mata. Tarko dai ya tarku, dole a yaba wa mai ɗana shi. Madam ta san za a fizge farantin, ta kuma san sunan ba zai fito ba, domin a Karantina ta tashi ba a Ammariyya ba, kuma ta san ko wuƙa aka ɗora wa Uwani a wuya, ba za ta faɗi sunan 'yarta ta fari ba.